Daga Fijo Ta Kaduna Zuwa 'Yar Kwatano: Yadda Muka Koma Hawa Tsofaffin Motoci

Yau tarihin motocin da muke hawa zan ɗan taɓo mana.

Duk wanda ya taɓa tsayawa tashar Birnin Kudu yana jiran motar Gwaram ta cika ya san irinsu: Golf, Sharon, tsohuwar J5 mai ɗaukar buhuna zuwa kasuwar Sara. Wata ma mitarta ta daina juyawa tun ba a haifi yaron motar ba. To ya aka yi muka tsinci kanmu a nan?

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Daga baya aka samu Steyr a Bauchi, da masana'antar manyan motocin Fiat a Kano. Lokacin naira ta fi dala daraja, gwamnati kuma tana ba ma'aikata bashin mota. Shi ya sa iyayenmu ke ba da labarin ma'aikacin da ya fito da Fijo 504 sabuwa dal.

Amma fa akwai lauje cikin naɗi. Mafi yawan kayan da ake haɗawa daga Turai ake kawo su. Da farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP a 1986, aka karya darajar naira. Kayan suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun suka fara durƙushewa.

Nan kasuwar 'yar Kwatano ta buɗe. Motar da Bature ya gama mora a Beljiyam ko Jamus, a sauke ta a Kwatano, a shigo da ita. Sai ta yi zamani a Legas ko Kano, ta wuce hannu biyu ko uku, sannan ta iso mana. Wato mu ne muke karɓarta daidai lokacin da ta fi buƙatar gyara.

Ni kaina tsohuwar Golf nake ja, kuma na san lissafin. Wannan watan kuloci, wancan watan lagireto, ga baƙin mai tana sha kamar shayi. In abin ya gagari bakaniken gari, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, kuma abin da za a kawo shi ma tsoho ne da aka ciro daga wata motar.

Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a 2024. Duk wani fulogi da taya da dala ake shigo da su.

Ku duba direban haya. Ya sayi mai, ya kai wa mai mota balas, ya yi cefane, me ya rage na birki? Sai ya ce bari a lallaɓa zuwa wani makon. Kuma wannan motar ce za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen Gwaram zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu da tsakar dare.

Shi ya sa nake ganin gyaran mota magana ce ta rai. Direbobi su kafa adashin gyara a tashoshinsu, taya da birki su zama farko. Mu matasa kuma mu matsa wa ƙananan hukumominmu su koya wa yaran gareji aikin na'urar duba injin, domin motocin da ke shigowa yanzu da kwamfuta suke aiki.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya tsare mana hanya.