Tsoho Mai Ƙurajen Hanci da Jikansa



Waɗanda muka yi aji uku tare za su tuna da wani babban littafin zane-zanen Turawa da ke laburare. Ba karatu ke kai mu gare shi ba, dariya muke zuwa yi. Hotuna biyu muka fi buɗewa, kuma sai da furfura ta fito mini na binciki tarihinsu.

Na farko wata tsohuwa ce mai faɗin haɓa da tattararriyar fata, ta ci ado irin na 'yan mata, tana riƙe da furen da bai buɗe ba. Quentin Massys na birnin Antwerp, a ƙasar Beljiyam ta yau, shi ya zana ta wajen 1513, kuma zanen yana gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan. Yawancin masana sun tafi a kan cewa zambo ne ga tsohuwar da ta ƙi yarda ta tsufa. Wasu likitoci kuwa sun ce kamanninta sun yi daidai da na mai wata cuta da ke kumbura ƙashi. In haka ne, ashe mara lafiya aka shafe shekaru ɗari biyar ana yi wa dariya.

Na biyu aikin Domenico Ghirlandaio ne, mutumin Florence ta Italiya, wanda Michelangelo ya yi koyon sana'a a wurinsa. Ya zana shi a kan katako wajen 1490, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Wani dattijo ne cikin jar riga, hancinsa ya kumbura da ƙuraje, yana rungume da yaro. A zamanin, masu kuɗi ke biyan mai zane, shi kuma yakan rage musu aibi don ya faranta musu. Ghirlandaio bai rage ko ƙurji ɗaya ba. Amma ku dubi yaron: ya ɗora hannu a ƙirjin tsohon, ya ɗaga kai yana kallonsa cike da ƙauna. Hancin da ya ba mu dariya bai dame shi ba ko kaɗan. Akwai kuma wani zanen fuskar dattijon a Stockholm, idanunsa a rufe, wanda ake kyautata zaton bayan rasuwarsa aka yi shi.

To, ga bambancin. Massys ya nuna muni don a yi dariya, Ghirlandaio ya nuna shi don a san mutumin da aka so, yadda Allah ya halicce shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, daga wannan hoto na biyu muka samo sunan da muka laƙaba wa wani malaminmu mai babban hanci. Ni na fara faɗa, aji ya ɗauka. Ya san da sunan, bai taɓa nuna mana ba, kuma shi ne ya riƙa zama da ni bayan la'asar har na ci jarrabawa. Ya rasu ban nemi gafararsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

A taronmu na bara na ga sanƙo, na ga giɓi, na ga fuskokin da wahala ta yi wa zane. Da aka zo ɗaukar hoto, wani ya ce a goge mana tamoji da waya. Ina roƙo a bar mu yadda muke. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma wadda jikokinmu suka sani suke so ita ce wannan.

Allah ya sa mu gama lafiya, amin.