Kayan tsohon soja: yadda ake gane lambobi da takardun da tirayer suka bari

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai adakar ƙarfe da ba a cika buɗewa ba tun rasuwar mai ita. A ciki ana iske jar dara da asu ya ci, maɓallan tagulla, lambobin yabo da ƙyallensu ya koɗe, da wani ɗan littafi da rubutun Faransanci. Kayan tirayer ke nan, wato sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi. An kafa rundunar a 1857 a Senegal, shi ya sa sunan “tirailleurs sénégalais” ya bi kowa, har da Bahaushe, Bazabarme da Babarbare na Nijar. Daga 1919 ɗaukar soja ya zama tilas a Afirka ta Yamma ta Faransa, aikin shekara uku. Wasu sun ga yaƙin 1939 zuwa 1945, wasu Indosin da Aljeriya, kamar Seyni Kountché kafin ya dawo cikin sojan Nijar.

Abin da ya fi komai daraja a adakar shi ne takarda, ko da yake ita iyali suka fi rainawa. Ɗan littafin soja, “livret militaire”, yana ɗauke da suna, shekarar da aka ɗauki mutum, wurin da aka ɗauke shi, lambar rajistarsa da rundunonin da ya zauna. Inda aka ga RTS, rejimar tirayer ce; BTS kuma bataliya. Kada a yi mamaki in sunan bai yi daidai da wanda aka sani a gida ba. Magatakardan Nasara yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, wani lokaci sunan gari ko na uba ya zama sunan mutum, ranar haihuwa kuma sai a sa “né vers”, wato wajajen shekara kaza. Saboda haka lambar rajista da shekarar ɗauka su ne madogara. Galibi suna nan kuma a kan ɗan faifan ƙarfen da soja ke ɗaurawa a hannu ko a wuya.

Lambobin yabon Faransa ba a buga sunan mai su a jiki. Wannan yana da muhimmanci: lambar da ta rabu da takardar shaidarta ba ta iya faɗin ko ta wane ce. Abin da take iya faɗi shi ne wane yaƙi, kuma ƙyallen ne ke faɗa.

Croix de guerre gicciye ne na tagulla mai takubba biyu. In ƙyallensa tsanwa ne mai siraran ratsin ja, na yaƙin 1914 zuwa 1918 ne. In ja ne mai ratsin tsanwa, na yaƙin duniya na biyu ne, a bayansa kuma za a ga 1939, ko 1939-1940, ko 1939-1945. Akwai mai ƙyalle tsanwa da ratsin baƙi, wanda gwamnatin Vichy ta fitar a 1941. Ba abin mamaki ba ne a same shi a nan, tunda Afirka ta Yamma ta zauna ƙarƙashin Vichy har Nuwamban 1942. Mai ƙyalle shuɗi fari-fari da jan gefe kuwa na yaƙe-yaƙen waje ne, irin su Indosin. Na Aljeriya daban yake: Croix de la Valeur militaire, da aka ƙirƙira a 1956, ƙyallensa ja da ratsin fari. Ƙananan taurari ko reshen ganye da ke maƙale a kan ƙyalle ba ado ba ne. Kowane ɗaya yana nufin an ambaci sojan da suna saboda bajinta, kuma reshen ganye shi ne mafi girma.

Médaille militaire mai ƙyalle rawaya da gefen tsanwa ita tsofaffin sojoji suka fi alfahari da ita, don ba kowa ke samu ba. Médaille coloniale ta azurfa kuma takan zo da ɗan ƙarfe a kan ƙyalle mai sunan wuri, kamar “Extrême-Orient”, “Sahara” ko “Fezzan”, wanda sau da yawa shi kaɗai ke nuna inda kaka ya taka. Tauraro mai tsini shida da aka rubuta “Burma Star” na Ingila ne. Akan gan shi a gidajen da ke da dangi a Katsina ko Daura, waɗanda suka yi yaƙin Bama.

A tufafi, alamar da za a nema ita ce ƙugiyar jirgin ruwa a kan maɓalli, wuyan riga ko goshin hular ƙarfe: tambarin sojojin mulkin mallaka ne. Ganin kayan Amurka ma ba ya nufin jabu ne, domin daga 1943 da su aka tufatar da sojojin da suka sauka a Provence ranar 15 ga Agustan 1944.

Wanda ke son cikakken tarihin aikin mahaifinsa zai iya rubuta wa cibiyar ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau a Faransa, ya haɗa da lambar rajista da shaidar dangantaka. Sunayen waɗanda suka mutu a fagen daga ana neman su kyauta a shafin intanet na Mémoire des hommes, takardun fursunonin yaƙi kuma suna Caen. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, wasiƙa da intanet suka fi sauƙin bi. Batun kuɗi ma yana rataye da waɗannan takardu. Dokar 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, ba a gama daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011, lokacin da yawancin masu shi sun riga mu gidan gaskiya. Kuɗin da a da ake kira “retraite du combattant” yana tsayawa da rasuwar soja. Fanshon wanda ya cika shekara 15 a bakin aiki ne kan iya wucewa ga matarsa.

Wajen adanawa, gara da laimar damina sun fi ɓarawo ɓarna. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a raba wa ƴan uwa, sannan a sa asalin cikin ambulan a wuri busasshe, nesa da ƙasa. Liƙe takarda cikin roba da injin zafi, abin da ake yawan yi da katin ɗan ƙasa, yana lalata tsohuwar tawada kuma ba ya warwaruwa. Lamba ba a goge ta da toka ko lemun tsami, ba a kuma cire tsohon ƙyalle don sa sabo. Masu yawon sayen kayan da sukan taya kuɗi kaɗan, kuma gaskiya yawancin lambobin ba su da tsada a kasuwa, don an buga su da yawan gaske. Asarar da iyali ke yi ita ce ta shaida. In kuwa an tarar da harsashi ko gurneti a ƙasan adaka, kada a taɓa, kada a bar yara kusa, a kira jandarma.