Tauraron da ya kai murya Sabha, ya rasa mai talla

Abdulkafi unguwa ce a Sabha, babban birnin yankin Fezzan da ke kudancin Libiya. Matafiyin da ya taso daga Agadas, ya bi ta Dirku, ya tsallaka iyaka a Tummo, ya yada zango a Gatrun, Sabha ce birni na farko mai girma da zai sa ƙafa a cikinsa. Daga nan sai ya ƙara cin fiye da kilomita 700 kafin ya ga teku a Tarabulus. A birnin akwai 'yan ci-rani daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Kano da Katsina: magina, leburori, teloli, masu aikin gona. Shekara da shekaru, in dare ya yi aka jingine cebur, akwatin rediyo ne igiyar da ke haɗa su da gida. A miƙe eriya, a yi ta murɗawa a hankali, ana laluben muryar Hausa cikin ƙugin gajeren zango.

A ƙarshen shekarun 1990 wani kamfani ya ɗauki alkawarin raba su da wannan ƙugi. Ya harba tauraron ɗan'adam takanas domin rediyo, ya yi lissafin cewa kuɗin talla da na hayar tasha za su riƙe shi. Shekara goma bayan harbawar ya durƙushe. Labarinsa ya isa a waiwaya, domin yana nuna wanda ake ƙirgawa a matsayin mai sauraro, da wanda ake mantawa da shi.

Daga zangon ayari zuwa gajeren zango

Hulɗar Fezzan da ƙasar Hausa ta girmi rediyo nesa ba kusa ba. Ayarin raƙuma ya daɗe yana sauke kaya a Murzuk da Gat, turkuɗin Kano da jan fata suna yin arewa, takarda da alharini da turare suna yin kudu. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Murzuk a 1850, ya shiga Kano a farkon 1851, ya tarar da 'yan kasuwar Gadamas zaune da gidajensu. Har yau sunan unguwar Dandalin Turawa a birnin Kano yana tuna mana da Larabawan.

A wancan zamani talla aikin baki ne. Dillali yana zagaya rumfuna da riga a kafaɗa. Fatoma yana haɗa baƙonsa da mai saye. Sanƙira yana shela a ƙofar fada, yarinya tana kiran fura da ƙwarya a ka. Abu ɗaya ya haɗa su duka: inda murya ta kai, nan hannu ma zai iya kaiwa. Ka ji, ka matso, ka taɓa, ka taya, a ce albarka ko a sallama. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya ta bakin teku, ayarin Sahara ya yi ta ja da baya. Kalmar zango kuwa ba ta mutu ba. Da rediyo ya zo, ita Bahaushe ya ara ya raɗa wa layukan da murya ke bi: gajeren zango da matsakaicin zango.

Sabha ta san ƙarfin murya mai zuwa daga nesa. A nan Mu'ammar Gaddafi ya yi karatu daga 1956 zuwa 1961, kunnensa manne da Sautul Arab, tashar da Masar ta buɗe a Alƙahira a 1953, yana haddace jawaban Jamal Abdul Nasir. Da ya kifar da Sarki Idris ranar 1 ga Satumba 1969, ta rediyon Bengazi ya sanar da duniya. A zamaninsa gwamnati ta riƙe makirufo ita kaɗai, kuma daga ƙarshen shekarun 1970 ta ƙwace akasarin cinikin shaguna daga hannun 'yan kasuwa. Inda ba ɗan kasuwa, wa zai biya talla? Daga baya Libiya ta buɗe tashar Muryar Afirka, wadda a lokacin take da shirin Hausa, ita ma da kuɗin gwamnati.

Haka sauran muryoyin da ɗan ci-rani ke kamawa suke. Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Kowannensu hukuma ce ke ɗaukar nauyinsa, ba ya jiran mai sabulu ko mai ashana. Tashar da ke ɗauke da hayaniyar kasuwar gida ita ce Rediyon Kaduna, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962. A wancan lokaci, a kan mita 49, in yanayi ya yi kyau da dare, takan haura Sahara da kiɗanta da tallanta da gaishe-gaishen Zaɓi Sonka. Mutumin Sabha ba zai iya zuwa shagon da ake kira a Kaduna ko Kantin Kwari ba, amma jin sunan kaɗai yakan kawo masa ƙanshin gida. Mai tallan bai biya domin kunnensa ba. Shi gyara ne, aka ɗora masa a kan mudun wasu.

Mafarkin Noah Samara

Noah Samara ɗan Habasha ne, mahaifinsa mutumin Sudan, ya karanci aikin lauya a Amurka. A 1990 ya kafa kamfanin WorldSpace a birnin Washington. Ya sha faɗin abin da ya zaburar da shi: yadda cutar ƙanjamau ke cin mutane a Afirka alhali bayanin da zai tsare su ba ya isa gare su. Ya samo jari mai yawa daga wasu attajiran Saudiyya, aka ƙera masa tauraro a Turai. Ranar 28 ga Oktoba 1998 aka harba AfriStar daga Kourou, ya tsaya kimanin kilomita 36,000 a sama, inuwarsa ta rufe Afirka da Gabas ta Tsakiya har da wani ɓangare na Turai. A watan Oktoban 1999 aka fara watsa shiri, a Maris na 2000 kuma aka harba na biyu, AsiaStar.

Lokacin ya zo daidai da wani sauyi a Libiya. Takunkumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba mata a 1992 ya sa Gaddafi juya fuska zuwa kudu. A 1998 aka kafa ƙungiyar ƙasashen Sahel da Sahara a Tarabulus, a 1999 aka yi taron Sirt da ya haifar da Tarayyar Afirka, ƙofa ta buɗe wa ma'aikata, motoci suka yi ta sauke matasa a Sabha. Ga masu sauraro masu ƙishirwa, ga kuma tauraro tsaye a kansu.

Na'urar kanta abin sha'awa ce. Kamfanonin Hitachi, JVC, Panasonic da Sanyo ne suka ƙera akwatunan farko. Kowanne yana da 'yar eriya shimfiɗaɗɗiya, kamar ƙaramin faifai, da ake fuskantar da ita sama. Da ta ga tauraron, murya ta fito tangaran, ba ƙugi, ba dusashewa. BBC da RFI da CNN da Bloomberg duk suna ciki, tare da wasu tashoshin Afirka da na kiɗa. Tsarin da aka yi da farko shi ne mai sauraro ya sayi akwati kawai, ya ji kyauta. Gidajen rediyo su biya hayar gurbi, 'yan kasuwa su biya talla.

Inda lissafi ya karye

Matsalar farko farashi. Akwatunan farko sun haura dala 200, alhali ɗan ci-rani na iya sayen ƙaramar rediyon Sin da ladan aikin yini ɗaya ko biyu. Ga cin batir, ga kuma sharaɗin sai eriya ta ga sama, ba a saka ta a aljihu a tafi gona. Wanda aka yi abin dominsa ya kasa saye. Mai talla kuwa tambayarsa ɗaya ce: mutum nawa ne ke ji? Da babu amsa mai gamsarwa, ya riƙe kuɗinsa. Da kuɗin talla bai shigo ba, ba a samu abin da za a karya farashin akwati da shi yadda ya kamata ba.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, kuma daga faɗin inuwar ta taso. Tallan rediyo na farko da tarihi ya fi ambato shi ne wanda tashar WEAF ta New York ta sa ranar 28 ga Agusta 1922, kuma gidajen zama ne na wata unguwa a cikin birnin ake tallatawa. Mai ji yana iya hawa jirgin ƙasa ya je ya duba a ranar. Tauraro kuma yana zuba murya ɗaya a kan ƙasashe masu yawa, kowace da harshenta da kuɗinta da dokar kwastan ɗinta. Mai shagon atamfa a Kano me zai yi da kunnen da ke Dakar? Mai sayar da taya a Sabha a wane harshe zai yi magana, kuma da naira zai faɗi farashi, ko da sefa, ko da dinari? Bahaushe ya riga ya yanke hukunci tun tuni cewa ba a cinikin biri a sama.

Ana cikin haka ƙasa ta yi wa sama fintinƙau. Dokar 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar gidan rediyo a Nijeriya. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio a Kano a Disamban 2003. A Nijar tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani sun ɓullo tun tsakiyar shekarun 1990. Waɗannan su ne suka kwashe tallan, domin suna kiran sunan layi da lambar shago, suna sanar da ɗaurin aure da rasuwa da cigiyar yaro. A Agustan 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, ba da jimawa ba kuma aka fara samun wayoyi masu rediyon FM a ciki.

WorldSpace ta sauya dabara, ta kulle yawancin tashoshinta ta koma karɓar kuɗin wata. Ta sayar da hannun jari a kasuwar Nasdaq a 2005, ta mayar da hankali Indiya. Duk da haka masu biya ba su kai 200,000 ba, kuma akasarinsu a Indiya suke. A watan Oktoban 2008 kamfanin ya kai kansa kotu a Amurka a matsayin wanda bashi ya fi ƙarfinsa. A ƙarshen 2009 aka rufe harkarsa ta Indiya.

Ko a Amurka, inda rediyon tauraro ya rayu, ba talla ce ta raya shi ba. XM ta fara a 2001, Sirius a 2002, suka haɗe a 2008. Yau suna da masu biya fiye da miliyan 30, galibinsu direbobin da suka sayi mota da na'urar a cikinta. Babban abin da suke jan mutane da shi ma shi ne tashoshin kiɗan da babu talla a cikinsu.

Darasin Bankilare

Akwai inda AfriStar ya yi amfani na gaske, kuma a Nijar ne. A 1999 aka buɗe ƙaramar tashar al'umma mai aiki da hasken rana a Bankilare, cikin yankin Tera. Cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD da ke Yamai, ta hanyar shirin RANET, ta riƙa aika hasashen damina da bayanan lafiya da na kiwo ta tauraron. Akwati ɗaya a tashar ya isa. Ma'aikatan su karɓa, su juya shi zuwa harsunan yankin, su watsa ta FM ga makiyaya da manoma. Saƙo daga sama yake zuwa, amma bakin ɗan gari ne ke isar da shi. Kuɗin kuma daga hukumomi da ƙungiyoyin agaji ya fito, saboda an gane cewa makiyayin da ke neman sanin inda ruwa ya sauka ba shi da abin da mai talla ke nema a wurinsa.

Wa zai ɗauki nauyin shirin?

Yau rufin gidajen Sabha cike yake da farantan satalayit masu kallon Nilesat da Arabsat, kuma tun 2014 akwai tashar Arewa24 da ke watsa Hausa zalla ta tauraro. Amma wayar hannu ce ta gaji akwatin rediyon ɗan ci-rani. Ta saƙon murya a WhatsApp direba ke sanar da ranar tashi, mai tura kuɗi gida ke faɗin canjin ranar. Tallan ya koma baki da baki kamar zamanin fatoma, sai dai yanzu ba a ganin fuskar mai maganar. Ta wannan kafa ce kuma mayaudara ke tallata wa matasa aikin da babu shi. A Afrilun 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta fitar da shaidun mutanen da suka ce an sayar da su kamar bayi a Sabha. Da yawa cikin waɗanda suka faɗa wannan rami, daɗin baki suka ji kafin su bar gida, ba su ji gargaɗi ba.

Muryoyin da ba sa jiran talla kuma suna raguwa. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a Janairun 2023, a Maris na 2025 kuma aka dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, shirin Hausa ya yi tsit. Abin da ɗan'uwanmu na Abdulkafi ya fi buƙatar ji shi ne halin da hanya take ciki, inda ofishin jakadancinsa yake, yadda zai koma gida in ya gaji, da cigiyar da mahaifiyarsa ke yi daga Matamaye ko Daura. Ba kamfanin da zai ga riba a wannan. Amma kuɗin da yake turowa shi ke sayen buhun gero da maganin yara a garuruwa da dama, yana kuma shiga aljihun 'yan kasuwar da ke cika tashoshinmu da talla. Gidajen rediyon Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram duk ana kama su ta intanet yanzu, nisa ya daina zama hujja. Rabin sa'a a mako, da sunan 'yan ci-ranin Libiya, gwamnatin jiha ko ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauki nauyi, bai fi ƙarfin kowa ba. Ya daɗe yana jin abin da aka shirya domin wasu, ya kamata a ce akwai shirin da shi aka nufa da shi.