Agogon da Aka Goge: Tarihin Ɗaukar Hoton 'Yan Asalin Ƙasa

Mai karatu, akwai wani hoto da aka ɗauka wajen shekarar 1910 a jihar Montana ta Amurka, cikin tantin wani dattijo ɗan ƙabilar Piegan mai suna Little Plume. Yana zaune tare da ɗansa Yellow Kidney, ga lofen shan taba da kayansa a tsakaninsu. Hoton nan yana da kwafi biyu. A wanda ke ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, za ka hango ɗan ƙaramin agogo a ƙasa tsakanin uba da ɗa. A wanda aka buga aka sayar wa duniya kuwa, babu agogon. An goge shi.

Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji. To, a nan fa ganin ne aka yi wa kwaskwarima. Tarihin wannan agogo shi ne ya fi sauƙin nuna maka matsalar da har yau ake fama da ita duk lokacin da baƙo ya ɗaga kyamara a gaban mutanen da ake kira 'yan asalin ƙasa.

Wanda ya ɗauki hoton shi ne Edward S. Curtis, haifaffen 1868. A birnin Siyatil ya buɗe shagon hoto, kuma a 1895 ya ɗauki hoton wata tsohuwa, Kikisoblu, 'yar sarkin da aka sa wa birnin sunansa. Dala ɗaya yake ba ta a kan kowane hoto. Daga nan abin ya shiga ransa. A 1906 hamshaƙin attajirin nan J. P. Morgan ya amince ya ba shi dala 75,000 domin ya zagaya ya tattara hotuna da al'adun ƙabilun Arewacin Amurka. An tsara aikin zai ci shekara biyar, sai da ya kai 1930 kafin a kammala. Abin da ya fito shi ne The North American Indian, mujalladi 20, wanda shugaba Theodore Roosevelt ya rubuta wa gabatarwa. Curtis ya ɗauki hotuna sama da 40,000 a cikin ƙabilu fiye da 80, ya kuma naɗi waƙoƙi da harsuna a faifan kaki na wancan zamani har kimanin 10,000.

Kada ka ɗauka sai da kwamfuta ake yi wa hoto aringizo. A lokacin, a kan farantin gilashi ake ɗaukar hoton, sannan a mayar da shi kan farantin tagulla a zuba tawada a buga a takarda. A kowane mataki ma'aikaci mai hannu zai iya shafe abu ko ya kankare shi. Ta haka agogon ya ɓace. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Masu binciken da suka kwatanta hotunan sun gano ana kauce wa keken doki, laima da tufafin Turawa, sun kuma ga riga ɗaya a jikin mutane daban-daban. Littafin Christopher Lyman na 1982 shi ne ya fito da zancen fili.

Me ya sa mutumin da ya ba da shekara talatin na rayuwarsa ga wannan aiki zai yi haka? Saboda ya riga ya yanke hukunci kafin ya isa. Curtis, kamar yawancin Turawan zamaninsa, ya yi imani cewa waɗannan mutane sun kusa ƙarewa. Hoton da ya sa a farkon aikin, wanda ya ɗauka a 1904, wasu 'yan ƙabilar Navajo ne a kan dawakai sun juya baya suna shiga duhu, ya kuma sa masa suna da ke nufin al'umma mai gushewa. Idan ka yarda da wannan, to agogo ya zama ƙazanta a hotonka, domin yana nuna mutumin yana rayuwa a 1910 kamar kowa: yana sayayya a kanti, yana duba lokaci, yana da gobe.

Abin da ke faruwa a wajen tantin kuwa ba gushewa ba ce ta Allah da Annabi. Dokar Dawes ta 1887 ta yanka ƙasar ƙabilu gunduwa-gunduwa, aka sayar wa Turawa abin da aka kira rara. Daga eka miliyan 138 a 1887, ƙasar da ke hannunsu ta koma eka miliyan 48 a 1934. Ana kwashe yara zuwa makarantun kwana irin ta Carlisle da aka buɗe a 1879, a aske musu gashi, a hana su yarensu. Ka ga ke nan, wanda ya sayi hoton Curtis ya rataya a falonsa zai ji tausayi, amma ba zai ga mai laifi ba. Hoton yana gaya masa cewa zamani ne ya wuce su, alhali doka ce da hannun mutane.

Kuma ba su gushe ba. Ƙidayar Amurka ta 1900 ta nuna sun ragu zuwa wajen 237,000. A ƙidayar 2020, mutum miliyan 3.7 ne suka ce su 'yan asalin ƙasar ne zalla, idan ka haɗa da masu ruwa biyu sun kai miliyan 9.7. Navajo ɗin nan da aka nuna suna shiga duhu, yau masu rajista a ƙabilar sun kai kusan 400,000.

Sai dai a yi adalci. Curtis bai yi arziki da aikin ba, ya mutu a 1952 ba shi da komai, kusan an manta da shi. Jikokin waɗanda ya ɗauka da yawa suna daraja hotunan, domin a nan kaɗai suke ganin fuskar kakanninsu. A 1914 ya shirya fim da mutanen Kwakwaka'wakw na gaɓar tekun Kanada. Ya sa musu gashin kanti da tufafin ɓawon itace da suka riga suka daina sawa, wannan gaskiya ne. Amma a lokacin gwamnatin Kanada ta haramta babban bikinsu na rabon kyauta, haramcin da ya tsaya daga 1885 zuwa 1951, sai fim ɗin ya zame musu kafar yin raye-rayensu a bainar jama'a. Wato su ma suna da tasu manufar, ba gumaka ba ne da aka jera.

Wasu kuma cewa suka yi a'a. Bayan fitowar ƙaramar kyamarar Kodak a 1888, da zuwan jirgin ƙasa yankin Arizona, 'yan yawon buɗe ido suka riƙa cika ƙauyukan Hopi lokacin rawar maciji, wadda addu'ar roƙon ruwa ce a wurinsu. Masu kyamara na kutsawa har cikin sahun masu ibada. Cikin shekarun 1910 aka fara taƙaita ɗaukar hoton, daga baya aka hana. Har gobe, idan ka je ƙauyukan Hopi, ba hoto, ba naɗar murya, ko zane a takarda ba a yarda ba, kuma su da kansu ke tsare wannan doka.

Za ka ce ai wannan tsohon labari ne. To saurara. A 2013 wani Bature ɗan Birtaniya, Jimmy Nelson, ya fitar da ƙaton littafin hotuna mai suna Before They Pass Away, ma'ana kafin su shuɗe. Sunan kaɗai ya isa ya tuna maka da Curtis. Ƙungiyar Survival International ta soki littafin a 2014, ta ce an nuna 'yan matan Waorani na ƙasar Ekwado da ganye a ƙugu alhali tufafi suke sawa. Benny Wenda, jagoran 'yan Papuwa ta Yamma, shi ma ya yi tir da yadda aka siffanta mutanensa, ya ce kashe su ake yi, ba shuɗewa suke yi ba.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne tallar. Yanzu ana sayar da irin waɗannan hotuna da sunan rayuwa mai ɗorewa: ga mutanen da ke zaune lafiya da daji, ba roba, ba hayaƙi. Akwai gaskiya a ciki, domin ilimin da makiyaya da mafarauta ke da shi kan ƙasa da ruwa ba ƙarami ba ne. Amma dubi Mursi na kwarin kogin Omo a Habasha, waɗanda matansu ke sa faifan yumɓu a leɓe. Baƙi kan zo da mota, su biya 'yan kuɗi kan kowane hoto, su juya. Masanin da ya daɗe yana bincike a cikinsu, David Turton, ya rubuta a 2004 yadda wannan ciniki ke barin ɓangarorin biyu da ɓacin rai. Abin da ba ya shiga hoton shi ne madatsar ruwa ta Gibe III da aka ƙaddamar a 2016, wadda ta tare ambaliyar shekara-shekara da mutanen kwarin ke noma a bayanta, da gonakin rake na gwamnati da suka ci makiyaya. Rayuwar da ake yabo a hoton, a daidai lokacin ake yanke mata jijiya.

Ba sai mun je nesa ba ma. Fulani Woɗaaɓe na Nijar da Chadi na cikin mutanen da aka fi ɗauka hoto a Afirka, saboda kwalliyar samarinsu a bikin Gerewol. Littafin Nomads of Niger mai hotunan Carol Beckwith ya fito a 1983, fim ɗin Werner Herzog a kansu ya biyo a 1989. Duniya ta san fentin fuskarsu da fararen haƙoransu. Kaɗan ne suka san cewa farin 1973 da na 1984 sun karkashe musu shanu, har da yawansu suka shigo birane suna gadi, matan suna kitso da sayar da magani. Wataƙila ka sha wuce su a bakin titi ba ka haɗa su da mutanen cikin hoton ba.

To, yau kyamara na aljihun kowa, har da kai. Idan tafiya ta kai ka wurin mutanen da shigarsu ta ba ka sha'awa, tarihin nan ya bar maka 'yan tambayoyi. Ka nemi izini, kuma mutumin ya san inda hoton zai je? Yarda a tsaya maka daban, yarda a sa fuskar mutum a Facebook ko a talla daban. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta 2007 ta tanadi cewa su ke da iko da al'adunsu da iliminsu na gado. Ka ce masa ya ɓoye wayarsa, ko ya cire takalmin roba don hoton ya yi kyau? Ka san sunansa, ko dai za ka rubuta sunan ƙabila kawai a ƙasan hoton? In ya ce a'a, ka mayar da wayar aljihu ba tare da ka saci hoton daga nesa ba?

Akwai waɗanda suka nuna ana iya yi. A 2012 Matika Wilbur, 'yar ƙabilun Swinomish da Tulalip, ta fara zagaya Amurka da aikin da ta kira Project 562, sunan da ta ɗauko daga adadin ƙabilun da gwamnati ta amince da su. Takan zauna da mutum su yi hira, shi zai zaɓi wurin da za a ɗauke shi da kayan da zai sa, a kuma buga maganarsa tare da hoton. Wasu sun fito da kayan gado, wasu da rigar aiki. Littafin ya fito a 2023, shekara 93 bayan Curtis ya rufe mujalladinsa na ƙarshe.