Zaƙi da Ma'auninsa a Gidajen Damagaram, daga Zuma da Dabino zuwa Farin Sukari

Kafin farin sukari ya zama abin da ake ƙullawa a leda a kowane teburin unguwa, mutanen ƙasar Damagaram sun san zaƙi ta fuskoki da dama, sai dai kowane iri yana da lokacinsa, kuma akasarinsa yana ɓoye ne a cikin ɗan itace ko kara, wanda sai an tauna kafin a kai gare shi. Yaran karkara suna tsintar magarya da kanya da aduwa, suna gaigayar goruba, suna shan garin ɗorawa da bazara, kuma idan kaka ta yi sai a karyo musu takanda, wato wani jinsin dawa da ake shukawa saboda zaƙin karansa. Daga ɗinya ake dafa maɗi da alewa. Zuma kuwa ta amya ce da ake ratayawa a kan itace, kuma da yake ba a shan ta sai an sha harbi, ba a zuba ta a cimar yau da gobe. Ana tanadin ta domin magani, da kuma nakiya da alkaki na garar amarya.

Dabino yana da nasa matsayi, domin shi ne zaƙin farko da jariri yake ɗanɗana a gidajen da suke riƙe da sunnar tahniki, wato a tauna dabino har ya yi laushi sannan a goga kaɗan a ganɗar jaririn. Yawancinsa daga arewa yake zuwa, inda Buzaye suke tashi da ayarin raƙuma bayan damina, su keta sahara zuwa Fachi da Bilma, su ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan su gangaro Damargu da Damagaram su musanya da gero. Zaƙin da sai ayari ya sauka ake ganinsa ba zai taɓa zama abin kullum ba.

Sunan sukari kansa ya nuna hanyar da ya biyo, domin Hausa ta aro shi ne daga Larabci, Larabci kuma ya karɓo shi daga Farisanci, asalinsa kuwa ƙasar Indiya ne. A ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya riƙe sarauta har zuwa 1884 kuma ya kewaye Birni da ganuwa, Damagaram ta zama babban zango a kan hanyar fataken da suke tasowa daga Tarabulus, su biyo ta Gadamas da Gat da Azbin, su nufi Kano. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi da Hausawa suka sani da Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a 1851 kuma ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya lissafa sukarin Faransa a cikin hajar da ake ketarowa da ita. A ƙiyasinsa, kayan raƙumi kusan 100 ne suke isa Kano a shekara, kowane kaya yana da curi 80, kowane curi ya ɗan haura kilo ɗaya, ana kuma sayar da shi wuri 1,500. Shi dai Barth ɗin ya ƙiyasta cewa iyali guda suna iya rayuwa cikin wadata a Kano da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara, wanda ke nufin curi ɗaya ya kai kuɗin ci da suturar gida na kusan kwana 10. Duk abin da kasuwa mafi girma a ƙasar Hausa take karɓa a shekara bai wuce tan 9 ba, abin da babbar mota guda take ɗaukewa a yau har da rara. Haja mai irin wannan tsada ba ta da masauki sai fada da gidajen attajiran unguwar Zango, inda Larabawa da Buzaye suke sauka, kuma da wuya ta kai ga ƙwaryar kunun yaro.

Shayi ne ya fara koya wa jama'a shan sukari a kai a kai. Koren ganyen shayi na ƙasar Sin ya bazu daga Maroko zuwa cikin sahara a ƙarshen ƙarni na 19, Buzaye suka riƙe shi, daga gare su ya shiga majalisun gari. Ana dafa shi sau uku a 'yar buta, ɗacin ganye yana raguwa, zaƙi yana fitowa, amma ko a nan abin manya ne, kuma na maza.

Abin da ya karya farashi shi ne sauyin hanya. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, suka mai da garin hedikwatar mulkinsu daga 1911 har zuwa 1926, lokacin da suka koma Yamai. A 1911 kuma layin dogo ya iso Kano, sai hajar Turai ta daina ketare sahara a bayan raƙumi, ta koma shigowa ta kudu cikin rahusa. Noman gyada a ƙasar Magariya da Matamaye ya sa kuɗi a hannun talaka, kamfanoni irin su CFAO, wanda tushensa yake birnin Marsey na Faransa, suna sayen gyada suna sayar da atamfa da sabulu da sukari. Abin lura ne cewa kwalin sukarin ƙwaya na Saint Louis, wanda ya shahara a duk Afirka ta Yamma, daga wata unguwa ta wannan birni ya samo sunansa: ƙasar da ta aiko da curin zamanin Tanimun ita ce ta aiko da na zamanin kanti. Daga baya Najeriya ta kafa masana'antar sukari ta Bacita a shekarun 1960, Dangote ya buɗe matatarsa a Apapa a farkon shekarun 2000, kuma iyakar da ke tsakanin Damagaram da Daura da Kano ba ta taɓa tare buhu ba. Raken fadamun Korama, wanda ake jibgewa a Kasuwar Dole da sanyi, ya ci gaba da zama abin tauna, mazarƙwaila kuma, wato ruwan rake da aka dafa har ya daskare, an fi sanin ta da ƙasar Zazzau.

Da sukari ya koma ƙullin dala biyar, sai ya shiga inda bai taɓa shiga ba. Koko da ake sha saboda tsaminsa da citta da kanumfari, da kunun tsamiya, da fura da nono, duk suka zama ba sa shiga baki sai an zuba, sannan zoɓo da ƙanƙarar leda da lemun kwalba da alewa da biskit suka tsaya a ƙofar makaranta. Yaron da aka yaye da koko mai sukari yakan ƙi wanda babu, uwa kuma ta ƙara cokali domin a zauna lafiya.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum yake ci a yini, kuma ya fi kyau a sauke shi ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25 ko ƙaramin cokali 6 ga baligi. Ƙa'idarta ta 2023 kuma ta ce a nesanta yara 'yan wata 6 zuwa 23 daga abin sha mai sukari. Masu begen zamanin da sukan ɗauka komawa zuma ko mazarƙwaila ita ce mafita, alhali a lissafin likitoci su ma sukari ne, haƙori bai san bambanci ba, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma saboda wata ƙwayar cuta da take iya shanye masa jiki. Abin da ya kare yaran zamanin da shi ne ƙarancin zaƙin da wahalar samunsa.

A Damagaram batun yana da wani nauyi na daban, domin babbar damuwa game da yara ita ce tamowa, wato ramar da rashin abinci mai gina jiki yake haddasawa. Kokon gero zalla da aka zuba wa sukari yana cika ciki ya kashe kuka, amma bai ɗauke da abin da gyada ko wake ko nono ko zogale za su bayar ba, don haka dalar da ta tafi ga ƙullin sukari ta fita ne daga kuɗin ƙuliƙuli. Duk da haka akwai sukarin da yake magani: ruwan gishiri da sukari da ake ba mai zawo, da Plumpy'Nut, haɗin gyada da madara da mai da sukari, wanda ya yaɗu a Maraɗi da Damagaram a yunwar 2005. Waɗannan ana ba da su ne da awo, zuwa wani ƙayyadadden lokaci, kuma ragin da ake magana a kai bai shafe su ba. Gidajen da suka rage sukarin koko sukan yi shi sannu a hankali, rabin cokali bayan rabin cokali, suna maye gurbinsa da markaɗen gyada ko dabino, kuma shawarar takan tsaya ne a wurin kakar yara, wadda a yawancin gidajen gandu ita ce take riƙe da kuɗin alewa a bakin zanenta.