Durƙuso da Tiyar Hatsi

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya tashi a Maraɗi ya taɓa jin dattijo yana cewa, "Tun da yaron nan ya sauya masallaci ya manta da ubansa." Zargin nan ya girme mu, kuma yana da tarihi.

A da, gandu ne ke riƙe da tsoho. Ƴaƴa maza suna noma gonar uba tare, kowa da ƴar gamanarsa a gefe, amma babban rumbu yana hannun maigida. In ƙarfinsa ya ƙare ba ya roƙon kowa. Tun zamanin Faransa harajin kuɗi da noman gyaɗa suka koya wa saurayi neman na kansa. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa sauran. A 1984 ɗin ma Najeriya ta rufe iyaka, har mutanenmu suka sa wa yunwar suna El Buhari. Samari suka watse ci-rani, gandu ya tsage.

Ana cikin haka Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta shigo ta hanyar kasuwancin Kano da Katsina. Samarin da suka bi ta suka daina durƙusa wa manya, suka ce Allah kaɗai ake sunkuya wa. Sadakar uku, bakwai da arba'in suka ce bidi'a ce. To, ka duba ta wajen tsoho: rumbu ya kuɓuce masa, gaisuwar da ya sani ta tafi, kuma ya ji in ya mutu ba za a tara masa jama'a ba. Dole ya ce an yar da shi. Shi kuwa saurayin gani yake kuɗin da bai kashe a taro ba su ne na magani da tiyar hatsi. A nasa masallacin ma zargi ake, wai ƴan ɗarika suna kai wa malamai abin da ya kamata uwa ta ci.

Amma duka ɓangarorin suna karanta ayoyin Suratul Isra'i da suka haɗa bautar Allah da kyautata wa iyaye in sun tsufa. Saɓanin yana wajen awo ne: tsoho yana auna kulawa da girmamawa, ɗansa yana auna ta da ciyarwa. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, tsadar magani ta faɗa kan kowane gida, ba ta tambayi masallacin kowa ba.

Yau mu ne muka bar gida, muna karatu a Yamai ko Damagaram. Kafin ka tuhumi wanka da aƙidarsa, tambayi wa ya aika hatsi watan nan, wa ya kwana da Inna a asibiti. Kai kuma mai aika jika goma, in ka zo hutu, zauna ka gaishe da Baba yadda zai san an gaishe shi.