Ahmed Musa: Tarihin Ɗan Wasan Gefe Daga Jos Zuwa Kofin Duniya

Ahmed Musa ɗan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya da ya yi fice a matsayin ɗan wasan gefe, ko da yake sau da dama masu horarwa sun tura shi tsakiyar gaba. An haife shi a Jos, babban birnin Jihar Filato, ranar 14 ga Oktoba, 1992. Shi ne ɗan wasan da ya fi kowa buga wa Super Eagles wasanni, kuma shi ne ɗan Najeriya da ya fi cin ƙwallaye a Gasar Cin Kofin Duniya, inda ya zura huɗu.

Ya fara koyon wasa ne a makarantar ƙwallo ta GBS da ke Jos. A 2008 makarantar ta ba da shi aro ga ƙungiyar JUTH, wato ƙungiyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, daga nan kuma ya koma Kano Pillars a kakar 2009/2010, nan ma a matsayin aro. Tsarin aro shi ne ƙungiyar da ke riƙe da takardun ɗan wasa ta bar shi ya je wata ya yi wasa na ƙayyadadden lokaci, amma haƙƙin sayar da shi yana hannunta. Ƙananan makarantun ƙwallo da wannan tsari suke rayuwa: suna sanya yaro a inda za a gan shi, idan mai saye ya zo su ne ke karɓar kuɗin.

A Kano ne sunansa ya fito. Yana ɗan shekara 17 ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar ƙwararru ta Najeriya kafin lokacin, Pillars kuma ta kammala a matsayi na biyu. Tarihin bai daɗe ba, domin Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a kakar da ta biyo baya, amma ya riga ya yi wa Musa aikin da yake bukata. Masu farautar 'yan wasa daga Turai sun ji labarin yaron da idan ya saki ƙwallo gaba ya bi ta da gudu a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, mai tsaron baya sai dai ya bi shi da kallo.

Ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ce ta ɗauke shi a 2010. Sai dai dokar FIFA ta hana sauya sheƙar ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika shekara 18, don haka dole ya jira watan Oktoba kafin a yi masa rajista. Venlo ƙaramar ƙungiya ce mai fafutukar kauce wa faɗawa ƙaramar gasa, kuma ga matashin da ya fito daga Afirka wannan ba aibi ba ne. A irin wannan ƙungiya yana samun damar buga wasa kowane mako, yana koyon tsayawa a gurbinsa da komawa baya ya taya tsaro, abin da ba lallai ba ne ya samu a babbar ƙungiya inda benci ke cinye shekarun samari.

A watan Janairun 2012 ya koma CSKA Moscow ta Rasha, kuma a nan ne ya yi shekarun da suka fi albarka a rayuwarsa ta ƙungiya. Mai horarwa Leonid Slutsky ya ga cewa gudun da ke amfani a gefe zai iya amfani a tsakiya, musamman a lokacin da ɗan wasan gaban ƙungiyar, Seydou Doumbia na Kwaddibuwa, ke jinyar rauni. Musa ya cike gurbin. Ya lashe gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, da Kofin Rasha a 2013, ya kuma buga Gasar Zakarun Turai. Wanda ya tashi a sanyin Jos ya san hunturu, amma na Mosko wani abu ne dabam, kuma ya jure shi shekara huɗu da rabi.

A watan Yulin 2016 Leicester City, wadda ta ba duniya mamaki da lashe gasar Firimiyar Ingila a shekarar, ta saye shi a kan fam miliyan 16.6, kuɗi mafi yawa da ta taɓa biya wa ɗan wasa zuwa ranar. Farkon lamarin ya yi armashi: a wasan share fage ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu. Da aka shiga gasa sai abin ya ƙi. Leicester tana da Jamie Vardy, wanda shi ma da gudu yake cin abinci, ga Riyad Mahrez a gefe, sannan kafin a rufe kasuwa ta ƙara sayen Islam Slimani da kuɗin da ya zarce na Musa. Ya ci ƙwallo biyu kacal a wasanni 21 na Firimiya, ko da yake shi ne ya ci biyun da suka fitar da Everton daga Kofin FA a Janairun 2017. Da aka sallami Claudio Ranieri, wanda ya kawo shi, a watan Fabrairun shekarar, damarsa ta ƙara raguwa. Za a iya cewa ciniki ne da bai dace da ɓangarorin biyu ba: an sayi haja mai kyau, amma irinta na nan a shago. A Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA aro.

Tarihinsa da ƙungiyar ƙasa ya bi wata hanya dabam, kuma shi ne abin da akasarin 'yan Najeriya suka fi tunawa. Ya fara buga wa Super Eagles a 2010 a wasa da Madagaska, tun bai cika 18 ba. Yana cikin tawagar marigayi Stephen Keshi da ta lashe Kofin Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu, ya kuma ci ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe da aka doke Mali da ci 4-1.

Ranar 25 ga Yuni, 2014, a birnin Porto Alegre na Brazil, Lionel Messi ya ci wa Ajantina ƙwallo a minti na uku. Minti guda bayan haka Musa ya farke. Messi ya sake ci da bugun tazara gab da hutun rabin lokaci, da aka dawo Musa ya sake farkewa. Ajantina ce ta yi nasara da ci 3-2, amma Musa ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci biyu a wasa guda a Kofin Duniya. Bayan shekara huɗu, ranar 22 ga Yuni, 2018, a Volgograd ta Rasha, ya maimaita a kan Iceland. Ƙwallon farko Victor Moses ne ya kwaso masa ita daga dama, ya tare ta da taɓawa ɗaya, kafin ta zauna ya narka ta a raga. Ta biyu doguwar ƙwallo ce daga baya, ya tsere wa mai tsaron baya, ya kewaye mai tsaron gida, ya natsu sannan ya buga. Abin lura shi ne, ya yi wannan ne watanni kaɗan bayan ya shafe rabin kaka a Ingila ba tare da buga wasan Firimiya ko ɗaya ba.

Bajintar ta kai shi Al-Nassr ta Saudiyya a watan Agustan 2018, inda ya lashe gasar ƙasar a kakarsa ta farko. Bayan ritayar John Mikel Obi a 2019 ya zama kyaftin ɗin Super Eagles. Ya rabu da Al-Nassr a Oktoban 2020, ya yi watanni babu ƙungiya, sai a Afrilun 2021 ya yi abin da 'yan wasa masu irin matsayinsa ba su saba yi ba: ya dawo gida ya sanya rigar Sai Masu Gida. Daga bisani ya tafi Turkiyya, ya taka leda a Fatih Karagümrük da Sivasspor. A wannan tsakanin ne ya zarce wasanni 101 da Joseph Yobo da Vincent Enyeama suka buga wa Najeriya. A Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, wanda Najeriya ta zo ta biyu, yana cikin tawagar a matsayin kyaftin amma bai shiga fili ba.

A wajen fili, ya zuba jari a Kano, inda ya gina cibiyar wasanni da motsa jiki a unguwar Hotoro, ya kuma buɗe gidan mai. A Oktoban 2024 ya koma Kano Pillars karo na uku, ya ci ƙwallo biyu a wasansa na farko da Sunshine Stars. A watan Yulin 2025 Gwamnatin Jihar Kano, mai ƙungiyar, ta naɗa shi Babban Manajan Pillars.